Kumburin da ba ya jira: abin da ke faruwa a jikin yaro mai sankarar muƙamuƙi

 Yau za mu yi magana ne a kan wani kumburi da kan fito wa yaro a muƙamuƙi, ko a ido, ko a ciki, wanda sau da yawa akan ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori, alhali kuwa sankara ce. Likitoci na kiranta sankarar Burkitt.

Abubuwa biyu ne suka sa ya kamata kowace uwa ta san ta. Na farko, tana cikin ciwukan daji mafi saurin girma da aka sani a jikin ɗan Adam. Na biyu, tana cikin waɗanda suka fi jin magani idan an kai yaro asibiti da wuri. Waɗannan abubuwa biyu tushensu ɗaya ne, kuma tushen yana can cikin ƙwayar jikin yaron, a wurin wasu ƙananan ma'aikata da aikinsu ya yi kama da na mai tsifa. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, domin wadda ta gane dalilin saurin ba za ta yarda a ce mata "a bari mu gani" ba.

Yadda take bayyana

Ta fi kama yara daga shekara 4 zuwa 7, kodayake takan kama waɗanda suka gaza haka ko suka fi. Maza sun fi mata kamuwa, kusan biyu bisa ɗaya.

Kumburin yakan fara a muƙamuƙin sama ko na ƙasa, wani lokaci gefe biyu. Yana da tauri, kuma da fari sau da yawa ba ya ciwo, shi ya sa yaro zai ci gaba da wasansa. Sai haƙora su fara girgiɗi ko su karkace, dasashi ya kumbura, fuska ta sauya. Wani yaron idonsa ne zai bulluƙo waje. Wani kuma babu komai a fuska, cikinsa ne zai yi ta girma, yana rama, yana kasala, yana ƙin abinci. Idan ta danne lakar baya, ƙafafu kan mutu farat ɗaya, fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba.

Hangum kuwa kumburinsa a gaban kunne da ƙasansa yake, yana ciwo, yakan zo da zazzaɓi, sau da yawa za ki ji wasu yaran unguwa ma suna yi, kuma cikin mako guda zuwa kwana 10 yakan saɓe. Kaluluwar da ta biyo bayan rauni ko ƙurji ita ma takan yi ciwo, ta lafa da ciwon ya warke. Kumburin Burkitt ba ya lafawa. Ƙwayoyinsa na iya ninka yawansu cikin awa 24 zuwa 48. Abin da yake kamar goro ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ta zagayo idon kowa zai gan shi.

Kada wannan ya tayar miki da hankali a kan kowane kumburi. A yankunan Afirka da ta fi yawa, kimanin yara 3 zuwa 6 ne cikin 100,000 ke kamuwa a shekara. Mafi yawan kumburin yara ba sankara ba ne. Amma wanda yake ƙaruwa kullum, shi ake gudu da shi asibiti.

Likitan da ya bi sawunta

Sunan ciwon ya samo asali ne daga Denis Burkitt, wani likitan tiyata ɗan Ailan da ya yi aiki a asibitin Mulago da ke Kamfala, a Yuganda. A 1957 ya ga yara masu irin wannan kumburi, a 1958 ya wallafa bayanin yara 38. A 1961 shi da abokansa biyu suka hau tsohuwar mota suka yi tafiyar kimanin kilomita 16,000 a gabashi da kudancin Afirka, suna shiga asibitoci suna tambaya: kuna ganin wannan ciwo a nan? Sai ya gano cewa ciwon na bin wuraren da ke da zafi da ruwan sama, ba a cika ganinsa a kan tsaunuka masu sanyi ba. Taswirarsa ta yi kama da taswirar zazzaɓin cizon sauro.

Najeriya na da hannu dumu-dumu a wannan tarihi. A Ibadan, a 1963, aka yi nasarar raya ƙwayoyin wannan sankara a ɗakin gwaji daga jikin wani yaro ɗan shekara 11. Ana kiran waɗannan ƙwayoyi Raji, kuma har gobe ɗakunan bincike a faɗin duniya na aiki da su. A Ibadan ɗin dai, wani likita ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani na narkar da ciwon. A 1972 shi da Burkitt suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka.

Burkitt ya lura cewa ciwon ya fi yawa a kudancin Najeriya mai yawan ruwan sama fiye da arewa. Amma ƙarancin abu ba rashinsa ba ne. Binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka wallafa a 2012 ya nuna cewa sankarar ido da sankarar Burkitt su ne kan gaba a ciwukan dajin yara da suka gani. Kano kuwa maƙwabciyarmu ce, damina ɗaya muke yi, sauro ɗaya ke cizonmu daga Yalwawa har Kiyawa da Jahun.

Littafi, kwafi da keken ɗinki

Don mu gane saurin, sai mun leƙa cikin ƙwayar jiki. Jikin mutum tarin ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kimanin tiriliyan 30. Su ake kira ƙwayoyin jiki. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai littafin umarni da ake kira DNA. An raba littafin kundi 46, uwa ta ba da 23, uba ya ba da 23. Masana na kiran kowane kundi kuromosom. A ciki akwai shafuka kimanin 20,000, kowane shafi na ɗauke da bayanin yadda za a ƙera wani furotin. Furotin su ne ma'aikatan jiki: masu ɗaukar iska a jini, masu narkar da abinci, masu yaƙi da cuta.

Littafin ba ya fita daga ma'ajiyarsa. Idan ana buƙatar wani furotin, sai a kwafi shafinsa a kan wani dogon zare da ake kira RNA, a fitar da kwafin waje. A can akwai wasu injina da ake kira raibosom. Ki ɗauke su kamar keken ɗinki: zaren RNA na bi ta cikinsu, suna karanta shi, suna harhaɗa furotin.

Duk wadda ta taɓa ɗinki ko saƙa ta san halin zare. Da kin saki, sai ya naɗe kansa. Shi ma RNA haka yake, har ya fi. Haruffa huɗu ne ke jere a jikinsa, A, U, G da C. A na son manne wa U, G na son manne wa C. Don haka zaren kan lanƙwaso ya kama kansa a wurare da yawa, ya yi madauki, ya yi ƙulli.

Wannan naɗewa ba laifi ba ce a kanta. RNA da yawa sai sun naɗe a wata siffa ta musamman sannan suke aiki, kamar yadda ɗankwali ba ya zama ɗauri sai an ninke shi yadda ya dace. Shi kansa keken ɗinkin, wato raibosom, yawancinsa RNA ne da aka naɗe tsaf. A 1989 aka ba Thomas Cech da Sidney Altman lambar yabo ta Nobel saboda gano cewa RNA da ya naɗe daidai na iya yin aiki da kansa, ba aike kawai yake kaiwa ba.

Matsalar ita ce hanyoyin naɗewa ba daidai ba sun fi na daidai yawa nesa ba kusa ba, kuma idan RNA ya cukurkuɗe yakan daɗe a haka. Zare mai ƙulli kuwa ba ya wuce kafar allura.

Masu tsifa

A nan ne ma'aikatanmu suka shigo. Akwai wasu furotin da aikinsu shi ne taimaka wa RNA ya naɗe daidai. Masana sun laƙaba musu wata kalma da ke nufin dattijuwar da ke yi wa budurwa rakiya. Wani masani a Amurka, Daniel Herschlag, ya yi fitaccen rubutu a kansu a 1995. Mu a wannan fili bari mu kira su masu tsifa, domin aikinsu ke nan. Mai kitso ba ta ɗora sabon kitso a kan tsoho. Sai an tsefe, an taje, gashi ya miƙe. Su ma waɗannan furotin ba su ne ke zaɓa wa RNA siffa ba. Suna kama inda ya sarƙe ne su ɓamɓare, su sake shi, ya sami damar sake naɗewa. Idan ya kuma kuskurewa, su sake tsefewa.

Babban gida a cikinsu shi ne wanda aka raɗa wa suna DEAD a 1989. Haruffan sun yi daidai da kalmar mutuwa a Turanci, amma dace ne kawai: alamomi ne na tubala huɗu da ke jere a jikin furotin ɗin. Ɗan Adam na da kusan iri 40 na 'yan wannan gida. Suna ƙona makamashin ƙwaya, wanda ake kira ATP, kamar yadda inji ke shan mai, su raba zare biyu da suka manne.

Ana buƙatarsu a ko'ina: wurin gyara kwafi, wurin fitar da shi, wurin harhaɗa sabon keken ɗinki, da wurin zura zare a keken. Ƙwayar da ke shirin rabuwa biyu sai ta ninka duk kayanta, don haka takan ƙera raibosom dubbai a cikin minti guda. Gwargwadon saurin ƙwaya, gwargwadon dogaronta da masu tsifa. Riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Inda sauro ya shigo

A cikin littafin nan akwai wani shafi a kundi na 8 mai suna MYC. Shi ne kamar shugaban ma'aikata mai cewa: a ƙara injina, a ƙara aiki, a rabu biyu. A lafiyayyar ƙwaya, ana buɗe shafin na ɗan lokaci ne a rufe.

A cikin jini kuma akwai wasu fararen ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin B, masu ƙera makaman garkuwar jiki. Su kam suna da wani hali mai haɗari: da gangan suke yanka wani sashe na littafinsu su sake ɗinkewa, don su ƙera makamin da ya dace da kowace sabuwar cuta. Babban shafin makaman yana kundi na 14, kuma a ƙwayar B kullum a buɗe yake.

Jefi-jefi almakashin kan zarce. Sai a yanko shafin MYC daga kundi na 8 a liƙa shi kusa da shafin makamai a kundi na 14. Daga ranar, MYC ba ya sake rufuwa. A 1982 masana suka tabbatar cewa wannan ne ke faruwa a sankarar Burkitt.

Me ke sa almakashin ya zarce a yaranmu fiye da na wasu ƙasashe? Abubuwa biyu ne ke haɗuwa. Na ɗaya, wata ƙwayar cutar bairos da ake kira EBV, wadda Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano a Landan a 1964, a cikin ƙwayoyin wannan sankara da aka aiko daga Yuganda. Ita ce bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a ɗan Adam. Ta yawu take yaɗuwa, fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya na ɗauke da ita, kuma yawancin yaran Afirka kan same ta tun suna ƙanana ba tare da ta yi musu komai ba. Takan ɓuya a cikin ƙwayoyin B, tana hana su mutuwa ko da sun lalace.

Na biyu, zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa. Duk lokacin da ya kama yaro, ƙwayoyin B kan yi ta hayayyafa, almakashin ya yi ta aiki, sannan masu gadin da ke danne EBV su yi rauni. Yaron da ke kwanciya sau uku ko huɗu kowace damina, almakashinsa ba ya hutawa. Najeriya kuwa ita ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya.

Ki lura da wani abu a nan. Wannan kuskure a cikin ƙwaya ɗaya yake faruwa bayan an haifi yaro. Ba gadonsa ya yi daga wurinki ko wurin babansa ba. Ba nononki ba ne, ba abin da kika ci da ciki ba ne, ba kuma wani ne ya yi masa baki ba. Ita kanta sankarar ba a ɗaukarta, 'yan'uwansa za su iya ci da shi, su kwana ɗaki ɗaya.

Me ya sa ta fi kama maza

Akwai wata kariya da ke cikin halittar ƙwaya. Idan MYC ya matsa lamba aka yi ta ƙera furotin babu ƙaƙƙautawa, kayan kan yi wa ƙwayar yawa ta shaƙe. Kin san injin niƙa: idan aka juye masa hatsi gaba ɗaya, sai ya cushe ya mutu. Haka yawancin ƙwayoyin da MYC ya haukace a cikinsu ke mutuwa tun kafin su zama ciwo.

To yaya wasu ke tsira? A 2021 wasu masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin Daniel Hodson, suka wallafa wani bayani mai ban mamaki a kan ɗaya daga cikin masu tsifa, mai suna DDX3X. Sun ga cewa a kusan kashi 30 cikin 100 na masu sankarar Burkitt wannan mai tsifa ya lalace, kuma kusan duk maza ne.

DDX3X na tsefe zaren da ake ƙera sassan keken ɗinki da su. Idan ya lalace, aikin masana'antar gaba ɗaya kan ɗan ragu. Wannan raguwa ita ce ke ceton muguwar ƙwayar: hatsin ya daina zuba da yawa, injin bai cushe ba, ƙwayar ta rayu da MYC a buɗe.

Shafin DDX3X yana kundin da ake kira X. 'Ya mace na da X biyu, kuma wannan shafi yana aiki a dukansu, don haka idan ɗaya ya lalace ɗayan na nan. Ɗa namiji X ɗaya gare shi, sai kuma Y. Lalacewa ɗaya ta wadatar.

Labarin bai ƙare ba. A kundin Y akwai tagwayen wannan mai tsifa, sunansa DDX3Y, wanda a bisa al'ada a 'ya'yan maraina kawai jiki ke ƙera furotin ɗinsa. Masanan sun ga cewa bayan sankarar ta kafu, ta saba da nauyin aiki, sai ta tashe shi daga barci. Masana'antar ta koma gudu gadan-gadan. Wato da farko ciwon ya rage mai tsifa don ya tsira, daga baya ya ɗauko wani don ya yi sauri.

Wannan na iya zama wani sashe na dalilin da ya sa maza suka fi yawa. Amma 'ya mace ma tana kamuwa, kuma a wurinta takan fito a ciki, har a ƙwan mahaifa. Kada a ce ai mace ce a yi sakaci.

Ko za a samu sabon magani daga nan?

Masu bincike na fata. Tun da lafiyayyun ƙwayoyin jiki ba su dogara da DDX3Y ba, maganin da zai tsayar da shi kaɗai zai iya kama ciwon ya ƙyale sauran jiki. Akwai kuma wani mai tsifa ɗan gidan nan, eIF4A, wanda ke warware ƙullin da ke bakin zare kafin ya shiga keke. A 2014 masana a cibiyar sankara ta Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niyok suka nuna cewa kwafin MYC na cikin zarurrukan da ke matuƙar buƙatarsa. Wani sinadari da aka samo daga wata bishiya a tsibirin Borniyo yana riƙe eIF4A ya hana shi aiki, kuma an ƙera makamantansa ana gwada su a kan manya masu wasu ire-iren sankara.

Duk wannan yana matakin gwaji ne. Babu ko ɗaya da ya zama maganin da ake ba yara a asibiti. Don haka duk wanda ya turo miki talla a WhatsApp ko TikTok cewa yana da garin da ke gyara DNA ko RNA, kuɗinki yake so, kuma zai cinye miki kwanakin da ɗanki ba shi da su.

Saurin shi ne lagonta

Albishir ɗin shi ne ba sai mun jira sabon magani ba. Magungunan da ake kira kemo ƙwayar da ke rabuwa suke farauta. A sankarar Burkitt kusan kowace ƙwaya rabuwa take yi, don haka babu wurin ɓuya. Shi ya sa iyaye kan ga kumburin ya fara saɓewa cikin 'yan kwanaki da fara allura. Magungunan da aka fi amfani da su, irin su saikolofosfamayid da binkiristin da metotireksit, tsofaffi ne, an fi shekara 50 ana aiki da su. A ƙasashe masu arziki, kusan yara 9 cikin 10 masu wannan sankara na warkewa.

A wurinmu adadin bai kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji ke warkewa, amma a ƙasashe matalauta da yawa bai kai kashi 30 ba. A 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa akalla kashi 60 nan da 2030, kuma sankarar Burkitt na cikin ciwuka shida da ta sa a gaba. Manyan abubuwan da ke jawo tazarar sun haɗa da zuwa a makare, da tsadar magani, da barin magani a tsakiya.

Zuwa a makare na da illa biyu. Ciwon kan bazu zuwa ɓargo da ƙwaƙwalwa. Sannan idan kumburin ya yi girma sosai, ranar da magani ya fashe ƙwayoyin, dattin da ke fita kan yi wa ƙoda yawa. Shi ya sa za ki ga ana ta ƙarin ruwa ana auna fitsari kafin a fara allura da bayan an fara. Ba jinkiri ba ne, kare ƙodar yaro ake yi.

Barin magani kuma shi ne tarkon da ya fi kama iyaye. Bayan zagaye ɗaya ko biyu fuska ta koma daidai, yaro na cin tuwo, kuɗi sun ƙare, gona na jira. Sai a ce ya warke. Amma 'yan ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, kuma idan ciwon ya dawo, jin maganinsa ba kamar na farko ba ne. Zubewar gashi da amai da ciwon baki na wucewa. Gashi zai fito.

Abin da uwa za ta yi

Idan kin ga kumburi a muƙamuƙi, ko ido, ko wuya, ko ciki, ki ɗauki hotonsa da wayarki yau, ki sake ɗauka bayan kwana biyu daga wuri ɗaya. Idan ya ƙaru, hoton zai taimaka wa likita, zai kuma taimaka miki wajen shawo kan maigida da surukai.

Kumburin da ke ƙaruwa kullum, ko wanda ya kai mako biyu bai ragu ba, ko haƙoran da suka fara girgiɗi tare da kumburi, a tafi asibiti. Mutuwar ƙafafu ko tsayawar fitsari kuwa, a ranar za a tafi, ko da dare ne.

Kada a tsaga, kada a yi sakiya, kada a yi ƙaho, kada a cire haƙori a gida. Babu mugunyar da za ta fito, sai jini da ƙwayoyin cuta da za su shiga.

Kada a sayo ƙwayar deksa ko firednisolon a kemis, irin waɗanda wasu ke sha don ƙiba. Sukan sa wannan kumburi ya saɓe na ɗan lokaci, iyaye su saki jiki, sannan su rikita sakamakon gwaji. Idan an riga an ba shi, ki faɗa wa likita, ki je da kwalin.

A asibitin unguwa, idan an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta aka yi kwanaki babu sauƙi, ki koma ki nemi takardar turawa gaba. A nan kusa akwai Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Daga nan akan tura zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tafiyar kimanin awa biyu a mota, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ba a tabbatar da ciwon da ido. Sai an zuƙo kaɗan daga kumburin da allura ko an gutsuro ɗan nama an duba a madubin likita, a yi hoton ciki da gwajin jini. Wannan gwaji ba ya sa ciwo ya bazu.

Ki tambayi likita tun ranar farko: zagaye nawa ne, kwana nawa tsakani, kuɗi nawa kowanne zai ci? Ki rubuta. Da wannan lissafi dangi za su san abin da za su haɗa tun da wuri, ko ta gudummawa ko ta adashi. Ki kuma tambayi ofishin da ke kula da marasa ƙarfi a asibitin. Yaron da ke kan kemo idan ya yi zazzaɓi, a mayar da shi asibiti nan take, domin garkuwarsa ta yi ƙasa.

Sai rigakafin zazzaɓi. Babu wanda zai ce miki gidan sauro na hana sankara ɗari bisa ɗari, amma duk zazzaɓin da aka kauce wa hutu ne ga almakashin nan. Yara su kwana cikin gidan sauro kullum. Idan masu rabon maganin damina suka zo gida, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya kowane wata, ki karɓa, ki kuma cika na kwana na biyu da na uku da suka bar miki. In yaro ya yi zazzaɓi, a yi gwaji, a shanye maganin duka.

Ciwon da ke ninkuwa cikin kwana biyu ba ya jiran a sayar da gyaɗa ko a dawo daga biki. Mako biyu da za a yi ana shawara a tsakar gida na iya zama bambanci tsakanin yaron da zai koma makaranta da wanda ba zai koma ba. Sau da yawa kuma uwa ce ke fara gani, wurin wanka ko wurin shafa mai.

Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta wannan bayani, musamman na ƙauye da ba su da waya, ku karanta musu. Mai tambaya ta ajiye ta a ƙasa, amma kada a sa hoton yaro ko sunansa, kuma kada a jira amsarmu kafin a tafi asibiti. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.